Rikicewar Haila Gabanin Ɗaukewarta: Tarihin Fahimtarta da Lissafinta

A wurin mafi yawan mata haila ba ta ɗaukewa dare ɗaya. Kafin ta tsaya gaba ɗaya takan shafe shekaru tana sauya hali: ta zo da wuri, ta yi jinkiri, ta tsallake wata biyu ko uku, sannan ta dawo ko dai kamar da bakin ƙwarya ko kuwa ɗan ɗigo. Wannan yakan fara ne bayan mace ta ba arba'in baya, ya kuma ɗauki kimanin shekara huɗu, ko da yake wasu wata kaɗan suke yi a cikinsa, wasu kuma sukan kai shekara goma. Likitocin yau suna kiran zangon ferimenofos, wato shekarun da ke kewaye da ɗaukewar haila. Sunan bai daɗe ba, amma tambayar da zangon ke haifarwa tsohuwa ce: idan al'adar mace ta daina bin al'adarta, da me za a rarrabe jinin lafiya da jinin ciwo? Likitocin da, da malaman fikihu, da masu binciken zamani duk sun yi fama da ita, kowa da ma'auninsa.

Likitocin da

Rubuce-rubucen likitancin Girka da ake jingina wa Hippocrates, waɗanda aka tattara tun ƙarni na biyar da na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, sun ɗauki haila a matsayin hanyar da jikin mace ke zubar da rarar jini. A wannan fahimta, jinin da bai fito ba yana nan a ciki, kuma yana iya hawa kai ko ƙirji ya jawo cuta. Saboda haka jinkirin haila ya fi ba su tsoro a kan yawanta. Idan ta ƙi zuwa, sai a nemi saukar da ita da turare da jiƙo da tsaga jijiya. Idan kuma ta yi yawa, ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce a kafa babban ƙaho a ƙirji don a janye jinin zuwa sama.

Aristotle ya rubuta cewa haila tana tsayawa wajen shekara arba'in a wurin yawancin mata, wasu kuma ta kai su hamsin. Soranus, mutumin Afisa da ya yi aikin likita a birnin Rum a farkon ƙarni na biyu, ya sa iyakar tsakanin arba'in da hamsin, ya kuma ƙara da cewa akwai masu kaiwa sittin. Likitocin duniyar Musulmi sun gaji wannan ilimi suka faɗaɗa shi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya keɓe babuka a littafinsa Al-Ƙanun ga riƙewar haila da kuma zubarta fiye da kima. Sai dai a duk wannan dogon zamani an fi kula da shekarun da jinin ke tsayawa, ba a ware shekarun rikicewar a matsayin zango mai zaman kansa ba.

Lissafin malaman fikihu

Waɗanda suka fi kowa zurfafa lissafi a kan jinin da ya rikice su ne malaman fikihu, domin salla da azumi da ɗawafi da kwanciyar aure da idda duk sun rataya ne a kan sanin wane jini ne haila. Alƙur'ani, a aya ta huɗu ta Suratuɗ Ɗalaƙ, ya sanya wata uku ya zama iddar matan da suka yanke ƙauna daga haila. Hadisai kuma sun kawo labarin sahabbai mata da jini ya zarce musu. An umarci Faɗima bint Abi Hubaish ta bar salla gwargwadon kwanakin da ta saba, sannan ta yi wanka ta ci gaba da ibada. An umarci Hamna bint Jahsh ta ƙirga kwana shida ko bakwai kamar yadda galibin mata ke yi. Waɗannan hadisai ba su keɓanta ga mata masu manyan shekaru ba, amma daga cikinsu aka ciro ma'aunai uku da aka yi ta aiki da su: abin da mace ta saba, kamannin jinin ta fuskar launi da kauri da wari, da kuma abin da ya fi yawa a tsakanin mata. Kalmar al'ada da Hausawa ke kiran haila da ita, asalinta na Larabci sabo take nufi, kuma sabon ne ma'auni na farko.

Mazhabobi sun saɓa wajen iyakoki. Hanafiyya sun ce mafi ƙarancin haila kwana 3 ne, mafi yawanta 10. Shafi'iyya sun ce yini da dare ne mafi ƙaranci, 15 kuma mafi yawa. Malikiyya, wadda ita ce mazhabar ƙasar Hausa, ta shimfiɗa wata ƙa'ida ga mace mai sananniyar al'ada: idan jini ya wuce kwanakinta, sai ta ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta, muddin jimillar ba ta haura 15 ba. Mai kwana 5 sai ta kai 8. Idan ya sake zarcewa a wani zuwan sai ta kai 11, sannan 14, daga nan kwana ɗaya kaɗai ya rage mata. Abin da ya biyo bayan wannan jinin istihala ne, wato jinin ciwo, ba ya hana salla ko azumi. Wadda kuma jinin ke zuwar mata yana yankewa, sai ta riƙa haɗa kwanakin jinin kawai tana ƙirgawa, ta yi wanka ta yi salla a ranakun da ta ga tsarki.

Game da shekarun yanke ƙauna, fatawar Hanafiyya ta tsaya a kan 55, Hambaliyya a kan 50, Shafi'iyya kuma suka ambaci 62 a babin idda. Malikiyya sun kasa abin uku. Jinin da mace ta gani kafin hamsin haila ne. Wanda ta gani bayan saba'in ba haila ba ne. Tsakanin hamsin da saba'in kuwa, sai a tambayi mata masana, abin da suka ce shi ne hukunci. Wato a daidai wurin da lissafin malami ya gaza, an mayar da magana hannun mata.

Wurin da rikicewar ta fi ciwo shi ne idda. Matar da aka saka tana da shekara arba'in da biyar, ta ga jini sau ɗaya ko biyu sannan ya ɓace, yaushe za ta fita? Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya hukunta ta jira wata tara, idan ciki bai bayyana ba ta ƙara wata uku, shekara guda ke nan. Malikiyya suka riƙi wannan. Hanafiyya da Imam Shafi'i a ra'ayinsa na ƙarshe sun ce sai ta jira dawowar jinin ko ta kai shekarun yanke ƙauna, abin da ke iya riƙe mace shekara da shekaru. A 1929 dokar iyali ta Masar ta hana kotu sauraron ƙarar ciyarwar idda da ta wuce shekara ɗaya daga ranar saki.

Waɗannan hukunce-hukunce sun iso ƙasar Hausa ta littattafan da ake karantawa a zaure har yau: Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, da ɗan littafin nan Ahalari na ƙarni na 16, wanda ya kasa mata gida uku: mai farawa, da mai sananniyar al'ada, da mai ciki. Akwai kuma wata tsohuwar fassara da ake yi wa ɓacewar jini, wato kwantaccen ciki: imanin cewa ciki na iya kwantawa a mahaifa ya daina girma na tsawon lokaci kafin ya tashi. An san shi a ƙasar Hausa da Arewacin Afirka, kuma yana da nasaba da maganar Malikiyya cewa ciki na iya kaiwa shekara huɗu ko biyar. Likitancin zamani bai tabbatar da irin wannan ciki ba, kuma mace mai shekara arba'in da wani abu da jininta ya ɗauke wata da watanni tana cikin waɗanda wannan fassara ke saurin shiga ransu.

Yadda Turai ta ba abin suna

A 1776 wani likitan Landan, John Fothergill, ya buga maƙala a kan yadda ya dace a kula da mace lokacin ɗaukewar haila. Ya nuna cewa abin halitta ne, kuma tsoron da ake cusa wa mata da magungunan wanke ciki masu ƙarfi da ake ɗura musu suna ƙara musu wahala. A Faransa, inda aka fi yin rubutu a kan batun a farkon ƙarni na 19, likita Charles de Gardanne ya ƙirƙiro wa abin suna a 1816 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin wata da tsayawa, ya kuma taƙaita shi zuwa ménopause a 1821. Daga nan sunan ya bazu zuwa sauran harsuna.

Wanda ya fara ba shekarun rikicewar muhimmanci shi ne Edward Tilt na Landan. A littafinsa na 1857 ya tattara bayanan mata 500, ya kuma yi amfani da sunan da matan Ingila ke kiran zangon da shi, mai ma'anar lokacin da haila ke wasan ɓuya. Amma maganinsa na da ne: tsaga jijiya, da ɗora matsattsaku su sha jini, da magungunan kwantar da hankali. Har lokacin ana ganin jinin da ya ƙi fita shi ne tushen matsala.

Wuƙa, haske da gano dalili

Karl Ernst von Baer ya gano ƙwan dabbobi masu shayarwa a 1827, hankali kuma ya fara karkata daga mahaifa zuwa gidan ƙwai. A 1872 Robert Battey a Amurka da Alfred Hegar a Jamus suka fara cire gidan ƙwai don tsayar da haila da gangan, aikin da ya yaɗu ya kuma ci rayukan mata da dama. A Faransa Joseph Récamier ya riga ya shigo da ƙarfen kankare bangon mahaifa, asalin abin da ake kira wankin ciki a asibitoci.

Bayanin gaskiya ya zo ne sannu a hankali. A 1896 Emil Knauer na Biyana ya dasa gidan ƙwai a wani sashe na jikin zomaye, ya ga mahaifarsu ba ta shanye ba, alamar cewa gidan ƙwai yana aika wa mahaifa saƙo ne ta wasu sinadarai masu bin jini. A 1905 Ernest Starling ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai suna homon. A 1908 Fritz Hitschmann da Ludwig Adler suka nuna cewa bangon mahaifa yana sauya kama a kowane zagaye bisa tsari. Ba da daɗewa ba Robert Schröder na Jamus ya bayyana wani nau'in zubar jini da ya fi kama mata masu kusantar ɗaukewar haila: ƙwai bai fito ba, bangon mahaifa ya yi ta kauri, daga baya ya ɓalle da jini mai yawa. An tace homon istirojin a 1929, homon furojestaron kuma a 1934, aka gane cewa rashin na biyun ne ke barin na farkon ya yi ta gina bango babu mai taka masa burki.

Kafin wannan ilimi ya zama magani, an yi shekaru ana gasa gidan ƙwai da hasken Ekis-re ko a sa sinadarin radiyom a mahaifa don kashe hailar matan da jini ya dama. Jinin yakan tsaya. Amma a 1968 Richard Doll da Peter Smith suka bi sawun mata fiye da 2,000 da aka yi wa wannan gashi a Sikotilan, suka tarar sankarar jini da sankarar sassan ƙugu sun fi yawa a cikinsu. Darasi na biyu ya zo daga istirojin. An amince da sayar da maganin istirojin mai suna Premarin a Amurka a 1942, kasuwarsa ta bunƙasa bayan littafin da Robert Wilson ya rubuta a 1966 yana tallata istirojin, sai ga bincike biyu a 1975 sun nuna cewa shansa shi kaɗai yana ninka haɗarin sankarar bangon mahaifa. Tun daga nan ake haɗa shi da dangin furojestaron ga duk macen da ba a cire wa mahaifa ba.

Kalandar mata

Abin da aka sani a yau game da yadda zagayen haila ke sauyawa da shekaru, galibinsa daga hannun mata ya fito. A 1934 Alan Treloar na Jami'ar Minnesota ya raba wa ɗalibai mata katin kalanda, ya roƙe su su riƙa sa alama a ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke. Da yawansu sun ci gaba da aiko da katin shekara bayan shekara har hailarsu ta tsaya, 'ya'yan wasunsu ma suka shiga. A 1967 ya buga sakamakon mata kimanin 2,700, wanda jimillar shekarun da suka rubuta ta haura 25,000. Sakamakon ya rushe zancen cewa kwana 28 doka ce. Ya nuna cewa zagayen yana da sassauci a duk tsawon rayuwa, yana kuma rikicewa ƙwarai a gaɓa biyu: shekarun farko bayan balaga, da shekarun ƙarshe kafin ɗaukewa. A ƙasar Suwizalan, Rudolf Vollman ya yi irin wannan aiki da ɗaruruwan mata, ya buga shi a 1977. A 1981 Treloar ya ƙiyasta cewa rikicewar tana farawa wajen shekara 45 da rabi, tana ɗaukar kusan shekara biyar.

Binciken da Sonja McKinlay ta jagoranta a jihar Massachusetts, wanda aka buga a 1992, ya sa farkon zangon a wajen shekara 47 da rabi, ɗaukewar kuma a 51, ya kuma nuna cewa kimanin mace ɗaya cikin goma ce jininta ke tsayawa farat ɗaya ba tare da doguwar rikicewa ba. Wani babban bincike na Amurka, SWAN, ya ɗauki mata 3,302 masu shekara 42 zuwa 52 a 1996 da 1997 daga jinsuna daban-daban, ya bi su shekaru da dama. A Afirka ta Yamma, binciken da aka yi a Ile-Ife a 1990 da wanda aka yi a Gana a 1993 duk sun sami matsakaicin shekarun ɗaukewa a wajen 48.

Abin da ke faruwa a jiki

Ana haihuwar 'ya mace da ƙwai tsakanin miliyan ɗaya da biyu. Lokacin balaga sun ragu zuwa kimanin 300,000 ko 400,000, kuma waɗanda za su nuna su fito a duk rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran suna shanyewa ne da kansu. Ƙirgen da aka yi a shekarun 1980 da 1990 ya nuna cewa shanyewar tana ƙara sauri daga wajen shekara 37, kuma kusan 1,000 ne ke saura lokacin da haila ta tsaya.

Barry Sherman da Stanley Korenman sun nuna a 1975 cewa homon ɗin da ke zaburar da ƙwai, wanda ake kira FSH, yana hawa tun mace tana ganin jini a kan kari. Aikin Henry Burger da abokansa a Melbourne ta Ostareliya a shekarun 1990 ya bayyana dalili: raguwar ƙwai tana rage wani homon mai suna inhibin, wanda shi ke danne FSH. Da FSH ya hau, sai ƙwai ya nuna da wuri, zagayen ya gajarta. Shi ya sa alamar farko a wurin mata da yawa ita ce jini ya riƙa zuwa bayan kwana 24 ko 25. Daga baya sai wasu watanni su wuce babu ƙwan da ya fito, zagayen ya yi tsawo. An kuma gano cewa istirojin ba ya sauka a hankali kamar yadda aka zata. Hawa da sauka yake yi, wani lokaci ma ya fi na budurwa yawa. Wannan ya sa awon jini na rana ɗaya ba ya isa a yanke hukunci da shi.

Ma'aunin yau

An yi taron duniya na farko a kan ɗaukewar haila a Faransa a 1976. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 1981 da wani a 1996, inda aka tsayar da cewa ba a tabbatar da ɗaukewar haila sai an cika wata 12 a jere babu jini. A 2001 masana suka haɗu a jihar Utah suka tsara matakan tsufan haihuwa, aka sake gyara tsarin a 2011. Bisa wannan tsari, mace ta shiga matakin farko idan tsawon zagaye biyu da ke bin juna ya riƙa bambanta da kwana 7 ko fiye. Ta shiga mataki na biyu idan ta yi kwana 60 ko fiye ba ta ga jini ba, kuma daga nan yawanci shekara ɗaya zuwa uku ta rage. Babban ma'aunin dai ƙirgen kwanaki ne, awon homon mataimaki ne kawai, kuma ga macen da ta haura 45 likitoci kan wadatu da tarihin hailarta da alamominta.

Tsohuwar tambayar rarrabe jinin lafiya da na ciwo ta sami sabon tsari a 2011, lokacin da ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta kasa musabbaban zubar jini gida tara. Daga cikinsu akwai ƙarin mahaifa, wanda ya fi yawa a tsakanin mata baƙar fata, da tsiron bangon mahaifa, da sankara, da matsalar daskarewar jini, da rashin fitar ƙwai, da illar wasu magunguna. Alamomin da ke wajabta bincike su ne jinin da ya wuce kwana 7 ko 8, da mai cika audugar mata cikin awa ɗaya ko biyu, da mai zuwa da manyan gudaji, da mai zuwa tsakanin haila da haila ko bayan saduwa, da mai jawo jiri da kasala na ƙarancin jini. Akan fara da gwajin ciki, domin ƙwai na iya fitowa ba zato ko bayan watanni na shiru, sannan a yi hoton mahaifa, a kuma ɗebo ɗan samfurin bangonta idan mace ta kai 45.

Magani ma ya sauya. Ƙwayar taraneksamik, wadda Utako Okamoto da mijinta Shosuke suka samar a Japan a 1962, tana rage yawan jinin. Robar mahaifa mai sakin homon, wadda aka fara sayarwa a Finlan a 1990, ta rage buƙatar cire mahaifa, haka nan ƙona bangon mahaifa da aka fara a farkon shekarun 1980. Jinin da ya dawo bayan an cika wata 12 kuwa ba a lissafa shi cikin rikicewar zangon. Kimanin mace ɗaya cikin goma masu irin wannan jini ake samu da sankarar bangon mahaifa, kuma tara cikin goma na masu wannan sankara da shi cutar ke fara bayyana, shi ya sa ake bincikensa ko da ɗigo ɗaya ne.